Kafin a shafa wa tsohuwar katanga siminti

Lakwal ɗin da nake koyarwa a ƙasar Adar tana da aji biyu na dutse, ginin tun zamanin Nasara. Kwamitin iyayen yara ya tara kuɗi don a yaɓe su da siminti kafin damina. Ni kaɗai na ce a dakata, har wani dattijo ya ce mini: «Mushe, kai alli ka sani, ba gini ba.» Gaskiyarsa. Amma shekara goma sha ɗaya ina kallon bangon nan.

An taɓa liƙa wa gefen gabas siminti. Yau ka ƙwanƙwasa wurin, sai ka ji yana ƙara kamar ganga, dutsen da ke bayansa kuwa yana marmashewa a hannu. Gefen da ba a taɓa ba yana nan daram. Maginan dā da laka suka haɗa duwatsun, ita kuwa laka tana shan ruwa ta sake shi. Siminti rufe hanya yake. Danshin da ke tasowa daga ƙasa yana ɗauke da gishiri; in ya rasa mafita sai ya bi ta cikin dutsen, gishirin ya daskare a ƙananan ramukansa ya farfasa shi daga ciki. Farin da muke gani a gindin bango, shi ne.

Dutse ma ba iri ɗaya ba ne. Na sa ƴan ajina suka ɗiga ruwan lemun tsami a kan ɓarɓashin bangon. Wasu suka yi ƴar kumfa: dangin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza ke nan, mai saurin cinyewa. Jajayen ko gezau. Babbar tsagar kuma mun ja mata layi, mun auna faɗinta da rula, mun rubuta kwanan wata. In ta ƙaru zuwa kaka, matsalar tana ga tushe, kuma yaɓe ɓoye ta kawai zai yi, alhali yara sittin suna zaune a ƙarƙashinta.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne a fara da indararon da ya karye, a kashe cediyar da ta tsiro a kusurwa, a karkatar da ruwan da ke kwanciya a gindin bango. Sannan a kira tsohon magini ya duba abin da aka yi ginin da shi, a cike gurabun da irinsa. Kuɗin ba zai kai na buhunan siminti ba.

Ranar Asabar kwamiti zai sake zama. Zan je da littafin awon yaran da guntun dutsen da ya marmashe.