Allah ke ba da ruwa, wa zai tare shi?



Bara, hatsi na kai gwiwa, ruwa ya ɗauke mana kusan mako uku a wani gari na ƙasar Tawa inda nake aiki. Ganye ya fara murɗewa. Liman ya kira roƙon ruwa. Muka fita bayan gari, manya da yara, aka juya riguna, mata suka yi sadakar gumba. Ni ma ina cikin sahu.

Da aka shafa fatiha, wani dattijo ya riƙe ni da hannu. Ya ce: "Malamin gona, ka gani? Duk ramun da kake sa mutane gina, yau ga ka kana roƙo tare da mu. Abin da Allah ya rubuta ma bawa ba ya wuce shi." Na ce: "Gaskiya ne, baba." Ban ƙara ba, don ba a ja da babba cikin taro. Amma na san jikarsa ta gama karatun manya, ita ke karanta masa wannan takarda. To baba, ga sauran maganata.

Ba ni da gardama a kan wanda ke ba da ruwa. Na yi lakwal, an koya mini yadda hadari ke haɗuwa, amma ba a koya mini yadda ake kiran shi ba. A 1984, shekarar da iyayenmu na Maraɗi ke kira El-Buhari, manomin ƙwarai da rago duk sun sha wuya. A 2004 fara ta sauka, ruwa ya yanke da wuri, yunwar 2005 kuma na gan ta da idona ina yaro. Wanda ya ce ƙarfinsa kaɗai ke cika rumbu bai daɗe a gona ba.

Amma mu duba abin da ya faru bayan roƙon nan. Ruwa ya zo, mai yawa, dare ɗaya. Da safe na zagaya. A fakon baba ruwan ya bi ta kan ƙasa kamar ya bi bayan ƙwarya, ya kwashe ɗan takin da ke wurin, ya faɗa ƙorama. In ka tona da yatsa, ƙasa busassa ce. Gonar maƙwabcinsa, iyaka ɗaya, kowane rami cike yake da ruwa. Hadari ɗaya ne. Addu'a ɗaya muka yi, sahu ɗaya. Shin Allah ya amsa ma ɗaya ne ya ƙi ɗaya? Ni a ganina ya amsa ma duka biyu, ɗaya ya tara ƙwarya, ɗaya ya bar ta a kife.

Ramun nan su ne tassa. Ba baƙon abu ba ne, kakanninmu sun san ta. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga, ƙasar Burkina, suka ga yadda Mosawa suka gyara ta, suka komo suka gwada. Ana gina ramin da rani. Faɗinsa santimeta 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari, zurfinsa kamar taƙi. Ƙasar da aka fidda a tara ta gefen gangare, don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu biyu. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Gara da muke zagi, ga ta tana yi mana aiki ba lada! Hekta guda na cin rami wajen 10.000. Aiki ne mai karya baya, ba zan ɓoye muku ba, shi ya sa gayya ta fi. Kuma a jigawa mai rairayi ramin cikewa yake yi, tassa ta fako ce.

Haka mutanen Maraɗi suka yi da sassaben zamani tun 1983. Ba su dasa ba. Kututturan gawo da kalgo da sabara da ke tohowa cikin gona suka daina sarewa, suna rage rassa suna barin biyu ko uku. Masu bincike sun ƙiyasta a 2009 cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itace a Nijar. Saiwar na nan cikin ƙasa tun dā, Allah ya ajiye ta. Gatarinmu ne ke hana ta tashi.

Baba ya fi ni sanin ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da aka sanar da shi shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na fari, bai ce ma mutanen Masar su zauna su jira ba. Ya sa su noma, su bar hatsi cikin zangarniyarsa, su ci kaɗan. Yadda muke jera damma cikin rumbu ke nan. Ko Annan Masalata, kusa da Ƙonni, masu buga arwa don su ji yadda damana za ta kasance, in sun gama ba kwanciya suke ba, sungumi suke ɗauka.

Abin da ke ɓata mini rai, wani lokaci "haka Allah ya so" mayafi ne. Mutum ya saida hatsinsa da kaka da arha don biki, ya saye shi da tsada da bazara, ya ci irinsa, sannan ya ɗora ma Allah. Ba da baba nake ba, shi ba rago ba ne, tsufa ne da ƴaƴa da suka tafi cin rani.

Saboda haka na yi magana da samarin unguwarsu. Bayan an gama shigar da damma za mu yi masa gayya ranar da ba kasuwa, rami 500 a kusurwar fakonsa ta gabas. Baba, taki kawai muke so ka tara mana, da fura.