MAGANIN ASMA: A RIƘA YI WA MAJINYATA BAYANI

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe ƙasar Daura, masu ciwon asma a garuruwa irin su Babban Mutum, cikin Ƙaramar Hukumar Baure, sukan shiga mawuyacin hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da wannan ciwo, ya kuma hallaka 455,000. Abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne wahalar da maganin kansa yake jawo wa majinyaci.

Salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, yana buɗe hanyar numfashi nan take, amma yakan sa rawar hannu da bugun zuciya da ciwon kai. Maganin shaƙa na rigakafi, irin su beclometasone, yakan dusashe murya ko ya kawo farin ƙuraje a baki, alhali kuwa kurkure baki bayan an shaƙa yana rage wannan matsala ƙwarai. Waɗannan duk masu sauƙi ne, amma majinyacin da ba a faɗa masa ba sai ya tsorata ya watsar da maganin.

Daga nan kuma sai ya nufi kemis ya sayi ƙwayoyin prednisolone ko dexamethasone, saboda araha. Idan aka daɗe ana shansu sukan kumbura fuska, su hau da jini, su ta da ciwon sukari, su kuma raunana ƙashi. Wanda ya daɗe a kansu ya daina rana ɗaya yana iya jefa ransa cikin haɗari. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Saboda haka wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta umarci ma'aikatanta kada su miƙa wa kowa maganin asma sai sun yi masa bayanin illolinsa da Hausa, ta kuma wadata asibitocin karkara da maganin shaƙa na rigakafi a kan farashi mai sauƙi. Hukumar NAFDAC ta sa ido a kan masu sayar da waɗannan ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba. Majinyaci kuwa, in ya ji baƙon abu a jikinsa, ya koma wurin likita kafin ya daina magani ko ya sauya shi.