Siliman zane a wurin aiki: darasi ya isa kunne, kayan kariya su isa hannu

Ranar 7 ga watan Nuwamba na 2021, ramukan haƙar zinariya suka rufta a yankin Ɗan Isa, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi. Mutum 18 aƙalla suka rasu. Hukuma ta yi ta'aziyya, ta rufe wurin, sannan maganar ta kwanta. Tambayar da ba ta kwanta ba ita ce: wane ne ya taɓa zaunar da waɗannan samari ya bayyana musu yadda rami yake cin mai haƙa shi?

Dokar ƙwadago ta 2012 ta ɗora wa mai ma'aikata nauyin koya wa wanda ya ɗauka aiki hanyoyin kare lafiyarsa. Amma a wurare da dama koyarwar ba ta wuce takarda da faransanci da aka manna a bango ba, alhali mafi yawan masu aikin ƙarfi ba su karanta faransanci. Leburan gini a Yamai, mai walda a Damagaram, mai fasa dutse a Jado, duk takardar nan ba ta ce musu komai. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara sanadin aikinsu, kuma cuta ce ke kashe mafi yawansu, wato abin da ke cin mutum sannu a hankali ba tare da ya gani ba.

A nan siliman zane yake da fa'idar da takarda ba ta da ita. Zane yana iya tsaga ƙasa ya nuna ramuka biyu da suka kusanci juna har bangon da ke tsakaninsu ya yi siriri. Yana iya bin ƙurar dutse daga hanci zuwa huhu. Yana iya ba tururin zaiba launi, wanda ido ba ya gani sa'ad da ake ƙona ta don a ware zinariya. Da mutanen Zamfara sun ga irin wannan hoto game da dalma kafin 2010, lokacin da gubarta ta kashe yara fiye da 400 saboda ana niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, da wataƙila wasu iyaye sun fitar da turmi daga tsakar gida. Gani ya kori ji.

Turai ta daɗe da gane haka. Tun 1998 hukumomin kare lafiyar ma'aikata na Faransa, Jamus, Ingila da Italiya suka haɗa hannu suka ƙirƙiro wani ɗan zane mai suna Napo, wanda ba ya magana da kowane harshe, don baƙon ma'aikaci ma ya fahimta. A Nijar kuwa an riga an gwada hanyar: masu bincike na INRAN a Maraɗi, tare da shirin SAWBO na jami'ar Ilinoy ta Amurka, sun nuna wa jama'a gajerun zane-zane ta wayar salula kan haɗa maganin ƙwari da ƴaƴan bedi da kuma adana wake. Abin da ya yi amfani a gona babu dalilin da zai hana shi amfani a bakin rami.

Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa shekaru da dama kafin rasuwarsa a 2015, yana cikin waɗanda suka fara siliman zane a Afirka. A 1966 ya yi wa tafiye-tafiyen shugabanni shaguɓe da kwaɗi cikin Bon Voyage Sim. Ƙasar da ta haifi wannan gwani bai kamata ta jira a aiko mata da zanen masana'antar Turai ba, mai tsabtataccen daɓe da injin ɗaga kaya. Mai haƙar zinariya yana bukatar ya ga igiyarsa, da tocilarsa, da irin ƙasar da yake shiga, ya kuma ji bayani da Hausa, Zabarmanci, Tamajak, Fulatanci ko Barbarci.

Sai dai akwai tarko, kuma ƙungiyoyin ƙwadago ya kamata su buɗe ido. Mai ma'aikata mai wayo zai iya kunna wa leburori zane na minti uku, ya sa su dangwala hannu a takarda, ranar da hatsari ya auku ya ce ai an gargaɗe su. Ta haka laifi zai tashi daga kan mai dukiya ya koma kan mamaci. Zane yana koya wa mutum ya sa hular kwano, amma ba ya saya masa ita. Yana nuna yadda ake tokare rami da itace, amma ba ya hana mai rami korar wanda ya ƙi shiga. Mai yunwa ya san hatsari sarai. Abin da ya rasa shi ne ikon cewa a'a.

Saboda haka aikin gida uku ne. Ma'aikatar ƙwadago da asusun CNSS, wanda shi ke biyan diyyar hatsarin aiki, su ɗauki nauyin zane-zanen, su ba matasan ƙasa masu wannan fasaha, a watsa su kyauta ta talabijin da wayoyi. Masu ma'aikatu su nuna su tare da wanda ya san aikin, don a yi tambaya a samu amsa, sannan su raba kayan kariyar da aka gani a hoto. Masu binciken ƙwadago kuma a ba su mota da mai su je su duba, su ci tarar wanda ya nuna silima ya hana safar hannu. Rigakafi ya fi magani, amma sai in an biya kuɗinsa tun ƙasa ba ta rufta ba.