Ledar magungunan mamaci



A makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki a nan Legas, riƙe da baƙar leda. Ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta zazzage ledar a gabana ta ce, "Malama, magungunan maigidana ne, Allah ya yi masa rasuwa. Ki duba min ko akwai wanda wani zai amfana da shi."

Na duba. Amlodipine ne na hawan jini, kati shida, ba a ɓalle ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce yana saye, sha ne ba ya yi. Kullum maganarsa ita ce, "Bari in sallami wannan kayan tukuna." Haka ya riƙa ce wa mahaifiyarsa a waya, har Sallah uku ta wuce bai je gida ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi yana da shekara 47, bai kuma tashi ba.

Na faɗa mata abin da zan faɗa maka, mai karatu: ba a ba wani maganin mamaci, ko da ciwonsu iri ɗaya ne. A kai wa mai harhaɗa magunguna, kada a bar shi inda hannun yara zai kai. Amma bayan tafiyarta, ledar nan ta hana ni sakat.

Kowane kwalin magani yana ɗauke da ranaku biyu: ranar da aka yi shi da ranar da wa'adinsa zai cika. Shi ya sa a kanti muke jera wanda ya kusa lalacewa a gaba, mai sauran lokaci a baya. Ɗan Adam kuwa ranar farko kaɗai ya sani, sai ya riƙa tura abu mafi muhimmanci can ƙurya, kamar an ba shi takardar cewa zai ga baɗi.

Wani zai ce ai ajali ne. Gaskiya ne, mutuwa rigar kowa ce, kuma babu ƙwayar da ke hana ta. Amma magani yakan bambance yadda mutum zai ci kwanakinsa: a kan ƙafafunsa yana nema wa iyalinsa, ko a kan shimfiɗa sai an juya shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, domin yawanci ba ya nuna alama. Awonsa bai kai minti biyar ba. Idan ana yawan samun 140/90 ko sama da haka, a ga likita, kuma kada a daina shan magani don an ji sauƙi.

Bayan lafiya sai mutane. Tun 1938 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suke bin rayuwar ɗaruruwan mutane daga ƙuruciya har tsufa. Sun gano cewa kyakkyawar mu'amala da iyali da abokai ta fi dukiya da suna tasiri ga lafiya da kwanciyar hankali a ƙarshen rayuwa. Mu da muke zaman neman abinci nesa da gida, mun fi kowa bukatar tuna cewa zumunta a ƙafa take.

Sai kuma haƙƙin jama'a. Ka rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, ka shaida wa iyalinka inda takardar take. Matar nan ta ce har yau mutane na zuwa da maganar bashi, ba ta san na gaskiya ba.

Don haka a wannan makon ka zauna ka jera naka kantin. Ka auna jininka. Ka kira mahaifiyarka ka sa mata ranar zuwa. Wanda kuka yi shekara ba kwa gaisawa, ka riga shi sallama.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa, in da rai da lafiya.