Tallafin da ya makara, mai haya ne ke biyan kuɗin jiran

Yau za mu leƙa Birtaniya, mu ga yadda gyaran tsarin tallafi ya taɓa kuɗin haya da tukunyar talaka. Mutum zai ce, ƙasar da gwamnati ke taya marar ƙarfi biyan haya, wane kuka ya rage? To, akwai shi. A ganina, yawan kuɗi kaɗai ba ya sa tallafi ya yi amfani. Ranar da ake biya da hannun da ake damƙa wa, su ma suna da nauyi kamar kuɗin.

A 2012 majalisar dokokin ƙasar ta amince da dokar gyaran tallafi, a 2013 aka fara aiki da sabon tsari mai suna Universal Credit. Ministan ayyuka da fansho na lokacin, Iain Duncan Smith, shi ne ya tsaya kai da fata a kansa. An haɗe tallafi iri shida wuri guda, ciki har da na marasa aiki, na yara, da na kuɗin haya. Haɗewar ba laifi ba ce, don yawo daga ofis zuwa ofis da takardu ya ragu.

Matsalar tana cikin yadda ake biya. A da, wanda ke zaune a gidan ƙaramar hukuma ko na ƙungiyoyin gidaje masu rahusa, galibi kuɗin hayarsa kai tsaye suke tafiya wurin masu gidan, bai ma gansu ba. Sauran tallafin kuma yakan zo duk sati biyu. Yanzu a Ingila komai dunƙule yake zuwa, sau ɗaya a wata, cikin asusun banki ɗaya na iyali, mai haya ya cire na haya ya kai da kansa. Hujjar gwamnati ita ce a saba wa mutane da tsarin albashi, ranar da suka samu aiki ba za su ruɗe ba.

Maganar tana da daɗin ji, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya nemi tallafin sai ya jira kusan sati biyar kafin kuɗin farko su shigo. Da farko ma sati shida ne, sai a 2018 aka rage. Mutumin da aka sallama daga aiki, ba shi da ajiya, me zai ci a sati biyar? Mai gida kuma ba ya dakatar da lissafi. Kafin fam ɗaya ya shiga hannunsa, bashin hayar wata guda ya riga ya hau kansa. Gwamnati ta ce ga rance a karɓa kafin lokaci, amma rancen daga tallafin watannin gaba ake zare shi. Ke nan an ɗebe tuwon gobe an ci yau.

Ga wani abin kuma. Tun Afrilun 2013, mai zama a irin waɗannan gidaje, wanda bai kai shekarun fansho ba, in aka ce yana da ɗakin kwana ɗaya da ya wuce buƙatarsa, ana zabge kashi 14 cikin 100 na hayar da ake taya shi biya. In ɗaki biyu ne ko fiye, kashi 25. Mu ɗauka hayar fam 100 ce a sati: fam 14 ke nan zai nemo daga kuɗin cefane ko na wuta. Masu haya a gidajen 'yan kasuwa su ma ba su tsira ba, don an daskarar da ma'aunin tallafinsu daga 2016 zuwa 2020, alhali haya tana ta hawa.

Masu goyon bayan tsarin suna cewa ba wa mutum kuɗinsa a hannu mutuntawa ce, ba yaro ba ne. Na yarda da wannan. Sai dai ku tambayi kowace uwargida: in kuɗin haya da na abinci suna aljihu ɗaya, yaro ya kwana da zazzaɓi ko takalmin makaranta ya tsinke, wanne za a fara taɓawa? Wannan ba rashin iya tattali ba ne. Talaka ya fi kowa iya lissafi, abin lissafin ne bai kai ba. Sa'annan asusu ɗaya ga iyali duka yana nufin in maigida mai riƙon sakainar kashi ne, matar da yara su ne za su ji a jikinsu.

Abin da ya ƙara tabbatar mani da ra'ayina shi ne, a cikin Birtaniyar kanta akwai inda aka bi wata hanya. A Ailan ta Arewa, ƙa'idar ita ce a biya sau biyu a wata, kuɗin haya kuma su wuce kai tsaye ga mai gida. A Sikotland tun 2017 an ba mutum zaɓi: ya karɓa sau biyu a wata, ya kuma ce a tura hayar ga mai gida in yana so. A Ingila kuwa, sau da yawa sai bashin ya kai na wata biyu, ko an tabbatar mutum yana cikin wani hali na musamman, kafin a koma biyan mai gida kai tsaye. Wato sai bango ya tsage ake neman laka.

Mu ma a nan Nijar mun san tallafin kuɗi da ake ba iyalai marasa ƙarfi, kuma duk wanda ke zaman haya a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san yadda ƙarshen wata yake. Don haka ina kira ga duk masu tsara irin wannan taimako, gwamnati ko ƙungiyoyi: kafin ku sa ranar biya, ku zauna da masu karɓa, ku ji yaushe mai gida ke ƙwanƙwasa ƙofa, yaushe buhun gero ke ƙarewa. Ku ba mutum zaɓi, kada ku sa shi jira da ciki wayam, kada kuma taimakon farko ya zama bashi.

Ku fa, 'yan uwa, in ku ne, a damƙa muku kuɗin ku kai da kanku, ko a miƙa wa mai gida kai tsaye? Muna jiran ra'ayoyinku. Allah Ya rufa mana asiri.