Fetur Haɗi Ne, Hayaƙinsa Kuwa Mu Ke Shaƙa

Kullum in an taru ana zancen fetur, kuɗin lita kaɗai ake tambaya, da wuya ka ji wanda ya ce mene ne cikin litar. Mu kuwa a ganinmu wannan tambaya ita ce babba, gama abin da aka zuba a tanki shi ke fitowa ta salansa, ya shiga ƙirjin mai tuƙi, da mai kasa kaya a bakin titi, da almajirin da ke bin gefen hanya.

Ku sani fetur ba ya fitowa daga ƙasa yadda kuke ganinsa. Ɗanyen mai ake haƙowa, a kai shi matata, a dafa shi cikin wata doguwar hasumiya. Mai sauƙi ya tashi sama, watau gas da fetur. Kananzir da man dizal su tsaya tsakiya. Mai nauyi, irin wanda ake kwalta da shi, ya kwanta ƙasa. Amma fetur na wannan dahuwa ta fari ba shi da ƙwari. In inji ya matsa shi sai ya kama wuta tun lokaci bai yi ba, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Ma'aunin wannan juriya shi ake kira oktan. Saboda haka sai matata ta sake sarrafa wani sashe, ta farfasa mai nauyi ya koma mai sauƙi, sa'an nan ta gauraya su. Kowane malami ya san tawada haɗi ce, in ƙaro ya gaza ba ta kama allo. To, haka fetur yake.

Sai dai kowane haɗi da abin da ke biye da shi. Sashen da aka farfasa daga mai nauyi shi ke zuwa da yawancin farar wuta. Wanda aka sarrafa don ƙarin oktan yana zuwa da benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini. In kuma aka yawaita gas mai arha a ciki, sai ya riƙa tashi iska tun ba a ƙone shi ba, balle a zafin bazara irin namu.

Tarihi ya isa ishara. A 1921 aka gano a Amurka cewa ɗan sinadarin dalma yana ɗaga oktan a kan kuɗi kaɗan. Aka yi ta zuba shi shekara da shekaru, yana fita cikin hayaƙi, yana dakushe basirar yara. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ba su rabu da shi ba sai farkon 2006, Aljeriya kuwa, wadda ta zama ta ƙarshe a duniya, sai 2021. Ashe araha ba ta ado.

Saura farar wuta. Motocin zamani suna da wata matatar hayaƙi a jikin salansa, mai rage dafin abin da ke fita. Dalma tana kashe ta, farar wuta tana raunana ta. Shi ya sa tun 2009 Tarayyar Turai ta ƙayyade kada farar wuta ta wuce kashi 10 cikin miliyan. Amma a 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan, Public Eye, ta auna man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ta iske na wasu wurare, musamman dizal, ya ninka haddin Turai fiye da sau 300. Watau akwai fataken da ke haɗa mana irin wanda doka ta hana su sayarwa a gidajensu. A 2020 ECOWAS ta amince da kashi 50 cikin miliyan. Holan ta tsananta dokar man da ake fitarwa daga tashoshinta a 2023, Beljiyam ta bi sahu a 2024. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, sa'ad da aka shigo Nijeriya da fetur daga Antwerp wanda metanol ya yi wa yawa, injuna suka lalace, aka yi makonni ana layi a gidajen mai.

Ɗanyen man Nijeriya yana cikin masu ƙarancin farar wuta, kuma ga matatar Damagaram tun 2011, ga ta Dangote ta fara fetur a 2024. Amma kusancin matata ba shi ne shaidar tsabta ba, awo shi ne shaida.

Don haka muna kira ga hukuma, ta riƙa auna kowane jirgi da kowace ma'ajiya, na gida da na waje, ta kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Attajirai masu tankoki da gidajen mai, ku nemi takardar awo kafin ku yi lodi, kada ku karɓi man da ba ku san asalinsa ba don ya yi sauƙi. Masu mota, kada ku yarda a cire muku matatar hayaƙi. Malamai kuwa, in kuna wa'azin algus kada ku tsaya kan mudu da nono, ku kai shi har bakin famfon mai, gama mai saye ba ya ganin abin da ke cikin lita, amana ce kawai ya bayar.

Allah Ya sa mu gane. Haza wasalam.