Gida Biyu, Zaure Ɗaya: Wa Ke Riƙe da Makullin Kwamfutarmu?

'Yan'uwa ɗalibai da samarin ma'aikata, akwai wata kalma da ta zama annoba a tsakaninmu, kuma mun ga lokaci ya yi da za mu fito fili mu yi mata tawaye. Kalmar ita ce "fomatin". Duk ɗalibin da kwamfutarsa ta ƙi tashi, daga Mandawari zuwa Yakasai, daga Gwale zuwa gindin Dala, idan ya saɓe ta ya kai wa mai gyara, da wuya ya ji wata fatawa bayan wannan. A share faifai kakaf, a zuba sabon Windows, a karɓi kuɗi, a sallame shi. Kundin kammala karatun da ya ci wata takwas yana rubutawa ya tafi. Lissafin ofis na shekara guda ya tafi. Kuma shi da aka yi wa ɓarnar shi ne zai yi godiya, har ya ƙara da addu'a.

Wannan masifa ta fi faɗa wa waɗanda suka haɗa tsarin aiki biyu a inji ɗaya, wato Windows a faifai guda, Linux a ɗaya faifan. Ba don burga suke yin haka ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ba shi da makawa sai ya koyi Linux, domin a kansa mafi yawan injunan da ke ɗauke da intanet suke gudana. A lokaci guda kuma malaminsa zai ce a kawo aiki da SPSS ko AutoCAD, ofis zai ce sai Word da Excel. Talaka ba shi da kuɗin inji biyu. Sai ya cire mazubin DVD ya sa faifai na biyu a gurbinsa, ya raba wa kowane tsari gidansa, yana zaton ya raba gardama. Ran nan sai ya danna maɓalli, fuskar inji ta yi baƙi ƙirin, ko ta nuna masa "grub rescue", ko ta zarce Windows kamar ba a taɓa yin wani Linux ba.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne, a mafi yawan irin wannan hali babu abin da ya sami kayan da ke cikin faifan. Suna nan lafiya lau. Ƙofar shiga ce ta sami matsala. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san gidan gado da aka raba wa 'yan'uwa biyu, kowa da sashensa, amma zaure ɗaya ne. To haka lamarin yake. Injunan zamani masu UEFI, idan aka kunna su, wani ɗan ƙaramin yanki na faifai suke nema da farko, wanda Windows kan yanka masa kamar megabait 100 kacal. A nan ake ajiye ɗan jagoran da zai kai inji ga tsarin aiki. Wannan yanki shi ne zauren. Abin takaicin shi ne, idan kana zuba Windows alhali duka faifan biyu suna haɗe, mai zubawar ba ya tambayarka: in ya tarar da zaure a ɗaya faifan, can zai ajiye jagoransa. Mai zuba Ubuntu ma ya shekara da shekaru yana yin irin wannan karambani, ko da ka nuna masa inda kake so, sai ya tafi zauren da ya fara gani. Sakamakon haka, kana da gida biyu amma zaure ɗaya. Ranar da faifan da ke da zauren ya mutu, ko ka cire shi, ɗaya gidan ma ya rufu, alhali ko tsinke bai ɓata a cikinsa ba.

Maganin wannan ba ya bukatar digiri. Lokacin zubawa, a zare faifan da ba a aiki a kansa, a bar wanda ake zuba wa shi kaɗai, sai kowane ya sami zaurensa. Daga nan a riƙa zaɓa da maɓallin da kamfani ya tanada, F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. In kuwa aikin gama ya riga ya gama, ana tada injin da filashi, a yanka ƙaramin yanki a faifan da ba shi da zaure, a gina masa nasa da umarnin bcdboot in Windows ne, ko a sake dasa GRUB in Linux ne. Aikin rabin sa'a ne ga wanda ya sani. To, ina dalilin rushe gida don an rasa makullin zaure?

Sauran dalilan ma ba su fi wannan wuya ba. Akwai ɗan batir mai kamar kwabo a cikin inji, CR2032, wanda in ya mutu, kamar yadda yake mutuwa a tsofaffin injunan da muke saye, saitin inji da yawa kan koma yadda kamfani ya fito da shi. Jerin abin da za a fara tadawa ya birkice, ko yanayin faifai ya sauya daga AHCI zuwa RAID, Windows ta buɗe da shuɗin allo. Akwai wanda aka zuba masa tsari ɗaya ta tsohuwar hanyar BIOS, ɗaya kuma ta UEFI, don haka ba sa ganin juna. Akwai Fast Startup, wanda Microsoft ta shigo da shi tun Windows 8 a 2012: ka ce inji ya mutu, shi kuwa gyangyaɗi kawai ya yi, ya bar faifansa a ɗaure, Linux ta kasa rubutu a kai. Ga GRUB ɗin kansa, tun fitowar 2.06 a 2021 ya daina leƙa sauran faifai da kansa don neman Windows sai an ba shi izini. Ko agogon da ke kuskure da sa'a guda cif duk lokacin da aka sauya tsari, ba aljanu ba ne: Linux na ajiye lokacin duniya, Windows na ajiye na gida, mu kuwa muna gaba da lokacin duniya da sa'a ɗaya. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da maganinsa shi ne share faifai.

Kada a ce mun tsangwami masu gyara. Yawancinsu yaranmu ne da ƙannenmu, sun koyi sana'ar a tsaye a gaban wani maigida wanda shi ma haka aka koya masa, kuma fomatin ya fi sauri, ga layi na jira. Laifinsu na gaggawa ne da rashin tambaya. Babban laifin yana wani wuri, kuma can muka nufa.

A ranar 13 ga Agusta 2024 kamfanin Microsoft ya aiko da sabuntawa ta wata-wata zuwa injunan duniya. A cikinta akwai wani umarni da ake kira SBAT, wanda aka yi don toshe wata kafa da aka gano a GRUB tun 2022. Kamfanin ya ce umarnin ba zai shafi injunan da ke ɗauke da tsari biyu ba. Ya shafe su. Mutane a ƙasashe daban-daban, masu Ubuntu da Debian da Linux Mint da sauransu, suka wayi gari injinsu na gaya musu cewa an keta dokar tsaro, ya ƙi tada Linux. Kamfanin ya amsa cewa hanyar da ya bi don gane masu tsari biyu ta kuskure wasu, ya ba da dabarar wucin gadi, amma cikakken gyara bai zo ba sai Mayu 2025. Wata tara ke nan. Mun yarda kafar da ke GRUB gaskiya ce, kuma toshe ta wajibi ne. Tambayarmu ita ce: yaya aka yi kamfani ɗaya a Amurka ya sami ikon hana wani tsarin da ba nasa ba tashi, a faifan da ba nasa ba, a injin da ɗan Kano ya saya da guminsa?

Amsar tana cikin abin da ake kira Secure Boot. Tun 2012 injunan da aka ƙera don Windows suke zuwa da makullan Microsoft a binne a cikinsu, kuma in tsarin yana kunne, inji ba ya tada komai sai mai ɗauke da sa hannun da waɗannan makullai suka yarda da shi. Ita kanta Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki, dole ta biyo ta wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna shim, wadda sai Microsoft ta sa mata hannu kafin ta wuce. Kakanninmu sun san darajar ƙofa. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ganuwar nan, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, kuma kowace ƙofa, daga Ƙofar Mata zuwa Kabuga, tana da sarkinta mai rufewa da buɗewa. Amma sarkin ƙofa ɗan gari ne, an san gidansa, kuma in ya yi ba daidai ba akwai fadar da za a kai ƙararsa. Wannan sabon sarkin ƙofar fa, a wace fada za mu same shi? A 1903 sai da Turawa suka zo da igwa kafin su shiga birnin nan. Yau da kuɗinmu muke sayen ƙofar, makullinta kuwa yana aljihun wani.

Ga kuma BitLocker. Daga fitowar Windows 11 ta 2024, sabon zubi kan kulle faifai da kansa in an shiga da asusun Microsoft. Sai ɗalibi ya kashe Secure Boot don ya ceci Linux ɗinsa, Windows ta tare shi da neman lambobi 48 da bai taɓa gani ba. Lambobin suna cikin asusun da aka buɗe injin da shi, wanda sau da yawa ba nasa ba ne, na wanda ya zuba masa ne a shago. A nan kam in lambobin sun ɓata, kayan sun tafi da gaske, babu gwanin da zai dawo da su.

Mun san abin da wasu manyanmu za su ce, domin mun sha ji: ku bar wahalar da kanku, ku zauna a Windows kamar kowa. Wannan magana ce ta mai ƙoshi. Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel ba ta karɓar abin da ya gaza zubi na takwas, in ban da 'yan kaɗan. A je Beirut Road a duba injunan da ɗalibi ke iya saye, 'yan gwanjon da ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora suka turo mana. Da yawansu ba su cika wannan sharaɗi ba, alhali lafiyarsu ƙalau, za su iya shekara biyar nan gaba suna aiki. Wanda ya ce mu zauna a Windows, ko dai yana nufin mu zauna a tsarin da aka daina toshe wa kafa, ko mu zubar da inji mai rai mu ci bashin sabo. Linux ce hanyar da ta rage wa mai ƙaramin ƙarfi, kuma zaman tsari biyu a inji ɗaya shi ne gadar da yawancinmu za mu bi. Zanen aro ba ya rufe katara, mun ji. Amma kafin mu saƙa namu, ai sai mu san yadda ake ɗaura wanda ke hannu.

A nan ne muke juyowa ga jami'o'inmu da ma'aikatunmu, kuma ba za mu sassauta ba. Ana yaye ɗalibi da digirin kwamfuta, ya haddace tarihin injunan da ba a ƙera su tun kafin a haifi mahaifinsa, amma bai taɓa buɗe saitin UEFI ba, bai san abin da ke faruwa tsakanin danna maɓalli da bayyanar tambari ba. Wannan wane irin ilmi ne? A ofisoshi kuwa, ƙaramin ma'aikaci ne ake damƙa wa injin, shi ake tuhuma in takardu sun ɓata, amma ba a taɓa ba shi faifan ajiya na biyu ba, ba a gaya masa inda lambobin BitLocker suke ba, ga wutar lantarki da kan ɗauke ana tsakiyar sabuntawa. Manya suna sa hannu a kwangilar sayen injuna, ba wanda ke tambayar ko makullin da ke ciki zai bar mu mu tada abin da muke so. Sa'an nan a hau mumbari a yi mana lacca kan dogaro da kai.

Ba mu zauna jiran su ba. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta ware yammacin Asabar guda a kowane wata, a sami ɗaki da janareta, 'yan sashen kwamfuta su zauna da filashin Linux mai tashi da kansa, duk wanda injinsa ya ƙi tashi ya kawo. Ka'idar farko ita ce ba a taɓa komai sai an kwashe kayan mutum zuwa wani faifan, a gabansa. A gayyato masu gyara na cikin gari su ma su zauna, domin su ne za su ci gaba da karɓar injunan unguwa bayan mun gama karatu mun watse, kuma wanda ya iya ceto kundi zai iya cajin abin da ya fi na fomatin. Kowane ɗalibi ya rubuta lambobinsa 48 a takarda ya ajiye inda yake ajiye takardar haihuwarsa. Bayanin duk wannan a rubuta shi da Hausa, a liƙa a allunan sanarwa.

Kuma akwai aiki na musamman da ke jiran wannan zama. Takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ta fitar a 2011, waɗanda ke cikin kusan duk tsofaffin injunanmu, wa'adinsu daga Yuni 2026 yake fara cika, na ƙarshensu a Oktoba na shekarar. An fitar da sababbi masu ɗauke da shekarar 2023, amma sai an shigar da su cikin injin, kuma tsohon injin da kamfaninsa ya daina kula da shi ba lallai ya same su ta hanyar da aka saba ba. Injin ba zai mutu ranar da wa'adin ya cika ba, sai dai sabon shim da aka sa wa hannu da sabon makulli kaɗai zai iya tarar da ƙofa a rufe. Muna so sashen kwamfuta ya fara da injunan ɗakin karatu da na ofishin ƙungiya, a duba su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wanda ya karɓi sabon makulli da wanda bai karɓa ba, a kawo mana jerin a taron majalisar ɗalibai mai zuwa.